Rage Tsawon Igiyoyin Laimar Iska da Gyaransu Ba Tare da Ganganci Ba

Laimar iska mai jan mutum, wadda masu wasan suke kira kait, ba abin da ya haɗa ta da jikinka sai igiyoyi huɗu, wani lokaci biyar, waɗanda kaurin kowace bai wuce na tsinken ashana ba. Ko a kan ruwa kake da allo a ƙafa, ko a kan rairayi cikin keke mai taya uku, ko a kan dusar ƙanƙara, duk ƙarfin da yake iya ɗaga ka sama ta cikin waɗannan siraran igiyoyi yake bi. In ɗaya ta tsinke, laimar ba faɗuwa take yi salin-alin ba. Sau da yawa juyi take shiga, tana kewayawa tana ƙara ƙarfi, tana jan mutum a ƙasa ko a ruwa, shi kuwa sandar tuƙin da ke hannunsa ta daina jin magana. Wannan ne ya sa nake ɗaukar aikin igiya da muhimmanci fiye da facin laimar kanta. Laima in ta yage, yawanci wasan ranar ne ya ƙare. Igiya in ta tsinke a sama, maganar ta wuce wasa.

Duk da haka aikin bai fi ƙarfin mai haƙuri ba, kuma kayan da yake buƙata kaɗan ne.

Fara sanin abin da ke hannunka

Kusan duk igiyoyin yanzu da wani zaren roba mai tsananin ƙarfi ake saƙa su, wanda aka fi sani da sunayen Dyneema da Spectra. Na farkon kamfanin DSM na ƙasar Holan ne ya fito da shi, na biyun kuma kamfanin Honeywell na Amurka ne ya daɗe yana yin sa. Asalinsu ɗaya ne. Igiya mai kaurin milimita 1.5 zuwa 2 tana iya ɗaukar kilo 300 zuwa 500 kafin ta tsinke, ba ta shan ruwa, kuma ba ta nitsewa. Sai dai tana da halaye uku da dole mai gyara ya riƙe su a ka.

Tana da santsi ƙwarai, don haka ƙullin da zai riƙe a igiyar auduga ko ta nailan, a nan zamewa yake yi. Ba ta son lanƙwasa mai kaifi: ƙulli ɗaya tak a tsakiyarta yana iya cinye kusan rabin ƙarfinta, wato igiyar kilo 400 ta koma ta 200 ba tare da ido ya ga wani canji ba. Sannan ba ta jure zafi. Wajen digiri 145 a ma'aunin Salshiyas take narkewa, abin da gogayyar igiya biyu a miƙe take iya kaiwa cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa in laima biyu suka sarƙe a sama, igiya take yanke 'yar'uwarta kamar da wuƙa.

Akwai kuma bambancin saƙa. Mafi yawansu kitso ne na sili 8 ko 12 mai rami a tsakiya. Ka kama igiyar da yatsu biyu-biyu ka tura ta ciki, za ka ga ta kumbura, kitson ya buɗe. Irin wannan ita ake cusa wa wutsiya a ciki, kuma ita ce mafi yawan bayanina zai shafa. Wasu kuwa suna da zuciya a ciki da matsattsiyar riga a waje, ko ka tura ba sa buɗewa. Waɗannan ba a cusa su, sai dai a yi musu kube a ɗinke, ko a ƙulla in mai ƙera su ya ce an yi su don ƙulli.

Game da aikinsu, biyu na tsakiya su ne igiyoyin gaba, suna tafiya zuwa goshin laima, su ke ɗauke da mafi yawan nauyi, kuma su ke haɗe da ɗamarar da ke ƙugunka. Biyu na gefen sanda su ne na baya, na tuƙi. A yawancin sandunan zamani ɗaya daga cikin na gaba ita ce igiyar tsira: in ka bugi makunnin sakin gaggawa, sanda takan zame sama a kanta, sauran ukun su saki, laimar ta rataye a igiya ɗaya kamar tuta, ƙarfinta ya mutu.

Kafin ka ɗauki reza

Tsawon da aka saba gani shi ne mita 20 zuwa 24. Gajerun igiyoyi suna sa laima ta amsa tuƙi da sauri, suna rage faɗin filin da take shawagi a ciki, don haka ba ta samun dogon zango na tara gudu. Masu koyarwa suna son su saboda ɗalibi in ya yi kuskure ba ya shan fizga mai tsanani, masu hawan igiyar ruwa kuma suna son saurin juyin. Abin da ake bayarwa a madadin haka shi ne ƙarfi a ranar da iska ta yi rauni, domin iskar sama ta fi ta kusa da ƙasa ƙarfi da daidaito. Yanka kuwa ba ya komawa. In ba ka taɓa tuƙa gajeru ba, ka ari sandar wani ka gwada tukun.

Daga nan ka bi igiyoyinka da ido daga sanda har ƙarshe. Sanduna da yawa suna zuwa da ƙarin mita 2 ko 3 da aka haɗa kunne cikin kunne (kunne shi ne madaukin da ke bakin igiya). In naka suna da shi, cire ƙarin kawai, ka mayar da guntayen haɗi, wato gajerun igiyoyin da ke haɗa bakin igiya da laima, a sabon bakin, ka huta. Haka nan in bambancin da kake son gyarawa na santimita kaɗan ne, akwai ƙulle-ƙulle a kan igiyoyi masu kauri da ke ɓoye ƙarƙashin soson gefen sanda, an tanade su don wannan. Ƙulli a can ba laifi ba ne saboda kaurinsu ya ninka na igiyar tashi.

In dai sai an yanka, daga ɓangaren laima ake yi, ba daga ɓangaren sanda ba. A wajen sanda ne tsarin tsira yake, da ƙwallon tsayarwa, da zobba, da mahaɗin da igiyoyin gaba suke rabuwa. Kowane an auna masa wurinsa. Abu biyu nake so ka tabbatar. Na ɗaya, bayan ragewa sanda za ta iya zamewa sama a kan igiyar tsira nisan da ya kai aƙalla faɗin laimarka daga fiffike zuwa fiffike, in ba haka ba laimar ba za ta saki ƙarfi gaba ɗaya ba. Na biyu, in igiyoyin gabanka a can sama suke rabuwa, mita da yawa daga sanda, to rage mai yawa zai kawo mahaɗin kusa da laima, ya matse goshinta, ya canza yadda take tashi. Ga irin wannan sanda, rage mita biyu ko uku wani abu ne, rage goma kuma wani abu ne dabam, kuma ban ba ka shawarar na biyun ba sai ka duba littafin mai ƙera ta. In akwai igiya ta biyar, ita ma daidai abin da aka cire wa sauran za a cire mata.

Kayan aiki

Tef ɗin awo mai tsawo, maka mai siririn baki, sabuwar reza ko wuƙar tangaran, salatef na takarda, allurar hannu da zaren foliyesta mai ƙarfi, safar hannu, da ƙugiya mai kulle ko sukundireba mai kauri da za ka rataya kunnuwan igiya a kai. Sai abin jan wutsiya. Ana sayar da allurar cushe ta musamman, irin ta D-Splicer, amma siririyar wayar ƙarfe mai tsawon kamu biyu da aka ninka biyu tana yin aikin, misali mafi sirantar wayar jita ko wayar kamun kifi. Ka tabbata ba ta da ƙaya ko tsatsa. Almakashin gida ba ya yanka wannan zare, taunarsa yake yi.

Kana kuma buƙatar fili miƙaƙƙe mai tsabta da ya fi igiyoyin tsawo, da turke ko ginshiƙin da ba zai motsa ba ko ka jingina da dukkan nauyinka.

Miƙewa, sannan awo

Igiyar da ta yi aiki ba ta kan tsawonta na asali. Na gaba suna shan nauyi kullum, don haka suna nan a miƙe ko ma sun ɗan ƙaru. Na baya kuwa tsukewa suke yi, saboda rairayi da gishiri suna shiga kitson su buɗa shi, ga shi ba sa samun jan da zai mayar da su. Wanda ya auna igiya a wannan hali ya yanka, bayan fita biyu ko uku zai tarar tsawonsu ya sāɓa.

Don haka ka jiƙa su da ruwan daɗi ka wanke, ka warware su sarai, ka rataya kunnuwan huɗu a ƙugiya ɗaya a jikin turke. Koma wajen sanda, ka saki igiyar rage ƙarfin laima gaba ɗaya, ka jawo sanda har ƙasa, wannan shi ne matsayin cikakken ƙarfi. Ja na gaba biyu tare ta hanyar ɗamara, ka jingina baya da nauyinka na ɗan lokaci, ka saki, ka maimaita sau da yawa. Sannan ka kama sanda da hannu biyu ka yi wa na baya haka. Kada ka naɗa igiya a hannu ko a yatsa don ka ja, ko da safa. Tana yanka har ƙashi.

A yawancin sanduna, a wannan matsayi igiyoyin huɗu tsawonsu ɗaya ne, amma ba duka ba. Ka duba yadda taka take tun asali, domin wannan dangantakar ce za ka maido bayan aiki.

Yanzu ka juya tsarin: ɗaure sandar a jikin turke yadda ba za ta karkace ba, a matsayin cikakken ƙarfi, ka ja igiyoyin huɗu tare zuwa inda kake son sabon bakinsu ya tsaya. A ce daga mita 24 kake son komawa 20. Ka sa wani ya riƙe bakunan da ja iri ɗaya, ka jera su kafaɗa da kafaɗa a kan katako, ka ja layi ɗaya da maka ya ratsa duka huɗun. Wannan alama ita ce ƙoƙon kunne, wato daidai inda igiya za ta lanƙwaso ta dawo. Daga sanda ake wannan awo. In ka auna mita huɗu-huɗu daga tsoffin bakuna, duk sāɓanin da ke tsakaninsu ka kwaso shi ka kawo sabon wuri.

Ba a kan alamar ake yanka ba. Bayanta kana buƙatar tsawon kunne da tsawon wutsiyar da za ta shige ciki. Ƙa'idar masu aikin igiya ita ce wutsiya ta kai kaurin igiya sau 72. Ga milimita 1.6 wannan ya kama kusan santimita 12, ga milimita 2 kuma sama da 14 kaɗan. Ni santimita 20 nake bari, tunda igiyar da za a zubar tana da yawa kuma tsawon wutsiya ba ya cutarwa. Kunne na santimita 6 ya isa a yi zarge da shi. Ke nan wurin yanka yana santimita 26 gaba da alamar, ta ɓangaren laima.

Akwai wani abu da yake kama sababbi. In wutsiya ta shiga ciki, kitson waje yana kumbura, igiyar ta ɗan gajarta, kuma yawan gajartar ya danganta da kauri da irin saƙa. Tunda na gaba sukan fi na baya kauri, ba lallai su gajarta daidai ba. Maganin shi ne gwaji. Yanke mita ɗaya daga can ƙarshen da za ka zubar, na gaba ɗaya na baya ɗaya, ka sa alama biyu, ka yi cikakken cushe, ka ja da ƙarfi, ka sake aunawa. Abin da ya ragu, sai ka matsar da alamar ƙoƙon kunne gaba da wannan adadin. Ribar biyu ce, domin hannunka ma ya saba kafin ka taɓa igiyar gaske. Ka yi uku ko huɗu a kan guntaye, na farko ba ya yin kyau a hannun kowa.

Igiya ɗaya-ɗaya za ka yanka, ka gama ta kafin ka taɓa ta gaba. Ka manna salatef a kowace ka rubuta ko ta gaba ce ko ta baya, hagu ko dama.

Yin kunne da cushe

Sirrin cushe shi ne kitson waje yana shaƙe abin da ke cikinsa. Gwargwadon jan da aka yi masa, gwargwadon matsewarsa, kuma babu wata lanƙwasa mai kaifi, shi ya sa igiya take riƙe kusan dukkan ƙarfinta. Rauninsa ɗaya ne: lokacin da babu ja, wutsiya tana iya zarewa a hankali in igiya tana kaɗawa. Don haka ake kulle shi.

Ka ninka igiyar a kan alamar ƙoƙo. Auna santimita 6 ƙasa, ka sa alama a ɓangarorin biyu: ɗaya a jikin uwar igiya, ɗaya a jikin wutsiya. Nan ne wuyan kunne.

In za ka iya kwance ɗaya bakin igiyar daga sanda, ka yi kullen da ake kira Burumel. Tura kitson ya buɗe a alamar uwar igiya, ka ratsa waya ta tsakiya, sili daidai-daidai a kowane gefe, ba tare da ka huda sili ko ɗaya ba. Jawo wutsiya ta wannan rami har alamarta ta fito ta ɗaya gefen. Sai ka buɗa rami a jikin wutsiyar, a kan alamarta, ka zura ɗaya bakin igiyar ta ciki, ka jawo dukkan tsawonta. Ja kunne da uwar igiya, za ka ga ramukan biyu sun haɗu sun cije juna. In ka ja kunnen ya ci gaba da zamewa yana girma, to wutsiya ka ratsa sau biyu maimakon uwar igiya, ba kulle ba ne, warware ka sake. In kuma ɗaya bakin ba ya kwantuwa, ka tsallake wannan, ka yi cushe zalla ka kulle da ɗinki.

Yanzu cushen. Daga wuyan kunne ka auna ƙasa tsawon wutsiya, ka ƙara santimita 5 ko 6, saboda kitson zai gajarta in ya haɗiye ta. A nan za ka shigar da lanƙwashen wayar cikin ramin igiya, ka tura ta sama tana bin tsakiya, kana tattaro kitson a kanta kamar mai zura mazagi a wando, har ta fito dab da wuyan kunne. In ta cije, ba a yi mata dole. Ja baya kaɗan, sili ta kama.

Kafin ka saƙala wutsiya, ka tsefe santimita biyu na bakinta ka yanke rabin silin, don ta yi siriri ta shige. Maƙala ta a lanƙwashen waya, ka ja a hankali, ɗaya hannun yana sassauta kitson. Shigar farko ita ce mai wuya. Da ta wuce, sauran sai santsi. Jawo ta har ta fito ta ramin ƙasa, ka ƙara ja don wuyan ya matse.

Kada ka ƙona bakin wutsiya da laita. Narkakken bakin yana zama ɗan dunƙule mai tauri, ya zauna a ciki yana cin igiya daga inda ba ka gani.

Abin da za ka yi shi ne fiƙe ta. Wannan mataki ne mutane suke tsallakewa, kuma a wurin ne cushe yake tsinkewa. In wutsiya ta ƙare da cikakken kaurinta, igiya tana sauka daga kauri biyu zuwa ɗaya a wuri guda, nauyi ya taru a wannan gaɓa. Don haka a kashi ɗaya cikin uku na ƙarshenta, ka zaro sili ɗaya ka yanke, ka matsa kaɗan ka zaro wani, haka har ya rage biyu ko uku a baki, ta koma kamar wutsiyar ɓera. Sannan ka riƙe kunne, ka shafo kitson daga wuya zuwa ƙasa da yatsu, da ƙarfi, sau da yawa, har wutsiyar ta ɓace ciki. Bi wurin da yatsa ido a rufe. In ka ji tudu, fiƙewar ba ta yi ba.

Ɗinkin kulle ba shi ke ɗaukar nauyi ba, hana zarewa kawai yake yi. Ka soka allura ta ratsa tsakiya kusa da wuya, ka yi taku shida zuwa takwas ƙasa, ka juya igiyar kwata ka dawo sama. Kada ka ja zaren har ya tsuke kitson. Ɓoye bakin zaren a ciki. Ko da na yi Burumel, ina ƙara taku kaɗan.

Rataya sabon kunnen a turke ka ja shi da nauyinka don ya zauna, sannan ka gwada shi da 'yan'uwansa. Ka gama na gaba biyu, ka daidaita su da juna, kafin ka koma na baya.

Kada ka manta da yadda bakunan suke tun farko. Masu ƙera kaya da yawa suna sa na gaba su ƙare da kunne, na baya da ƙulli, ko akasin haka, don kada mutum ya haɗa igiya a inda ba nata ba. Guntayen haɗi masu launi da ka cire daga tsoffin bakuna, mayar da kowane a igiyarsa, mai jan launi a hagu. In sun yi gashi, sa sababbi. Su ne ma suke kare siririn kunnen daga cin zarge.

Kube, ga igiyar da ba ta cusuwa

Wannan ita ce tsohuwar hanya, kuma har yanzu ita aka fi gani a laimomin tudu da ake tuƙawa da maɗaukai biyu maimakon sanda. Kube bututun saƙa ne na foliyesta, wanda ya fi jure zafi, sai wajen digiri 250 yake narkewa. Ka yanki santimita 30, ka ɗan ƙona bakunansa don kada su tsefe, ka zura igiya ta ciki da waya, ka shafe shi ya kwanta, alamar ƙoƙo tana daidai tsakiyarsa. Ninka biyu. In kana da keken ɗinki, jera ɓangarorin gefe da gefe ka bi su da ɗinkin zigzag mai kama duka biyun, tsawon santimita 10 ko fiye. In babu, ka yi ƙulli biyu a kan kuben, da ɗan tazara, ɓangarorin suna kwance ba su hau juna ba. Kube yana tausasa lanƙwasar ƙulli amma ba ya kawar da raunin duka. Ga ƙaramar laimar tudu ya wadatar. Ga wanda zai yi tsalle a kan ruwa, ɗinki ko cushe nake yarda da shi.

Igiyar da ta ji ciwo

Ana duba igiya da yatsa fiye da ido. Ka bi ta a hankali daga baki zuwa baki, ka fi tsayawa a inda na gaba suke gogar juna bayan juyi, da inda igiyar tsira take ratsa sanda, da wuyan kunnuwa. Gashi-gashi mai laushi alamar tsufa ce, a sa ido. Sili da ya yanke, ko wuri da ya sirance, ko wuri mai tauri da ƙyalli wanda zafi ya narkar, waɗannan sun gama aiki.

Ƙullin da ya shiga da kansa a cire shi kafin a tashi, ko da iska tana kira. In ya riga ya sha nauyi ya ƙanƙance, jiƙa shi, ɗora shi a kan katako mai santsi ka ɗan bubbuga shi da abu mai faɗi kana juya shi har ya yi laushi, sannan ka buɗa shi da allura mai dakusasshen baki. In ka ga wurin ya canza kama bayan ya kwance, ka ɗauke shi a matsayin rauni.

Ga raunin da yake kusa da bakin laima, gyaran shi ne abin da muka riga muka yi: yanke shi, ka rage duka huɗun zuwa sabon tsawon. Ga wanda yake tsakiya, ana iya haɗa baki biyu da cushe, kowace wutsiya ta shige cikin ɗaya igiyar, santimita 20 kowane ɓangare, a fiƙe, a ɗinke. Haɗin yana da ƙarfi in an yi shi daidai, amma yana cin kusan rabin mita, sai an rage sauran ko an ƙara guntu. Yana kuma barin kumburi, don haka ba a yin sa sam a sashen igiyar tsira da yake bi ta cikin sanda ko zobe, domin zai iya maƙalewa a daidai lokacin da kake neman ya zame.

Tambayar da ta fi wannan ita ce me ya tsinka ta. In dutse mai kaifi ne ko igiyar wani ta yanke sabuwar igiya, gyara yana da ma'ana. In kuwa haka kawai ta tsinke a cikin iska, to tsufa ne, kuma abokiyarta shekarunsu ɗaya, ranar da suka sha ɗaya, rairayin da suka ci ɗaya. A canza su biyu-biyu, na gaba tare, na baya tare. Sabuwa da tsohuwa ba sa miƙewa daidai, kuma ba na ganin hikimar cetar igiya ɗaya da lafiyar mutum. Ƙulla tsinkakkiyar igiya a bakin ruwa don a ƙarasa yini kuwa, wannan ganganci ne tsantsa.

Daidaitawa da tashin farko

Mayar da kunnuwan huɗu kan ƙugiya ɗaya, ka koma wajen sanda a matsayin cikakken ƙarfi. Ja na gaba biyu, ka sassauta a hankali kana kallon yadda suke lotsawa. Wadda ta fara yin ciki ita ta fi tsawo. Sannan ka ja sanda da hannu biyu: ta tsaya a miƙe, ba ta karkata ba, kuma igiyoyin huɗu su ɗauki ja lokaci ɗaya. Sāɓanin santimita ɗaya tsakanin hagu da dama ana iya jinsa a hannu, laima ta riƙa jan gefe. In na baya sun fi na gaba gajarta, laima za ta riƙa shaƙewa tana komawa da baya in ka jawo sanda. In sun yi tsawo, tuƙi zai yi sako-sako, ƙarfi ya ragu. Ƙananan gyare-gyare a yi su a ƙullen gefen sanda.

Kana nan a jikin turke, ɗaura ɗamara, ka jingina, ka bugi makunnin sakin gaggawa. Tun 2020 akwai ƙa'idar duniya ta ISO 21853 a kan waɗannan makunnai, amma ƙa'idar makunnin ta auna, ba aikin da ka yi wa igiya ba. Kai za ka tabbatar sanda ta zame har inda ya kamata ba tare da ta tsaya a wani kumburi ba. Ka mayar, ka sake bugawa, sau uku.

Tashin farko a yi shi da ƙaramar laima, a iska mai sauƙi marar fizga, wadda ba ta kaɗawa daga tudu zuwa cikin teku, a fili da babu mutane, bishiyoyi ko wayoyin lantarki a ɓangaren da iska take nufa. Ka sa wanda ya san aikin ya riƙe maka laima a gefen iska, ka dubi igiyoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya kafin ka ba shi alamar saki, wuƙar yanke igiya tana jikin ɗamararka. Kai laimar tsakar ka, ka ga ko tana tsayawa da kanta, ka yi 'yan juye-juye masu sauƙi, kada ka yi tsalle ranar. Bayan rabin awa ka sauke ta, ka duba wuyan kowane kunne ko wutsiya ta motsa, ka sake rataya huɗun a turke ka gwada tsawonsu, domin sabon cushe yakan ƙara zama bayan ya sha nauyin gaske. Ka maimaita wannan awon bayan fita ta biyu da ta uku.